Hunhuna cikin ɗaki: cutar da ke ɓoye

Idan damana ta yi tsaka, ruwa na shiga bango da daɓe. Inda lema ta daɗe, kuma iska ba ta ratsawa, nan hunhuna ke tsira. Abu mai rai ce. Kwana 2 na lema sun ishe ta ta fara kama tabarma ko tufa.

Ba kullum ake ganin ta ba. Tana ɓuya bayan akwati, ƙarƙashin katifa, gindin randa, da bayan jeren kwanonin uwargida, wurin da ake shekara ba a motsa ba. Sau da yawa hanci ke fara gane ta. Ɗakin da ke warin ruɓa ko bayan an share shi, a janye kaya a duba. Za a ga tabo baƙi, ko kore, ko fari kamar auduga.

Hunhuna na sakin ƙura mai laushi wadda ido ba ya gani. Mai kwana cikin ɗakin yana shaƙar ta dare duka. Sai atishawa, majina, ƙaiƙayin ido da tari. Mai asma, ciwonsa ya tashi. Yara da tsohi sun fi wahala. Wanda ya taɓa yin tarin huka, ko da ya warke, hunhuna na iya zama cikin huhunsa har ya riƙa tarin jini. Tarin da ya wuce sati 2, ko tari da jini, a je likita, kada a jira.

Akwai wadda ta fi wannan muni: hunhunar gujiya da masara. Tana barin guba cikin ƙwaya, ana ce mata aflatoksin. Gubar nan na lalata hanta sannu-sannu, har ta kawo ciwon daji. Suya ba ta kashe ta, dahuwa ba ta kashe ta. A shekarar 2004, a ƙasar Kenya, mutum 125 suka mutu don sun ci masarar da aka ajiye da lema. Saboda haka gujiyar da ta yi baƙi ko ta yamutse, a tsince ta a binne. Kada a ce asara ce a yi ƙuli-ƙuli da ita. Kada kuma a ba saniya, don gubar na bi ta cikin nono.

Goge tabo kaɗai aikin banza ne idan ba a tare ruwa ba. A fara da gyaran indararo da rufin da ke yoyo, a cike gindin bango da ƙasa don ruwa ya gangara waje. Sannan a fitar da yara, mai aikin ya ɗaure hanci da baki da ƙyalle. Bangon ƙasa, a kankare wurin, a bari ya bushe sarai kafin a sake yaɓe. Bangon siminti, a wanke da ruwa da sabulu. Mai ruwan jabel ya sirka shi da ruwa ya shafa, taga a buɗe, kada ya gauraya shi da wani magani.

Duk ranar da rana ta fito, a shanya tabarmi da katifu. Katifar da hunhuna ta ci har ciki, a yar da ita. Buhunan hatsi da gujiya a aza su bisa itace, nesa da bango. Gujiya kuwa, kada a sa ta cikin buhu sai ta bushe har tana ƙara cikin kwanso idan an girgiza.