Yadda Za Ka Gane Tsohuwar Mota A Tsohon Bidiyo Da Wayarka

A dandalolin WhatsApp na mutanen Wurno, Rabah da Goronyo ba a rasa tsohon bidiyo mai baƙi da fari: jerin motoci na tayar da ƙura, an rubuta a ƙasa wai Sardauna ne ya kawo ziyara gida. Tun da a Rabah aka haifi Sa Ahmadu Bello, kuma ya yi hakimcinta tun daga 1934, nan da nan zuciya take amincewa. Kafin ka tura wa wasu, dubi motocin tukuna. Bidiyo ba zai taɓa girmar motar da ke cikinsa ba.

Ka fara da samun hoto mai kyau. Idan a YouTube ne, kamar tashar British Pathé mai tarin finafinan labarai na zamanin Turawa, shiga saiti ka ɗaga ingancin hoto, ka rage gudu zuwa 0.25x. Tsayar da shi daidai inda gaban motar ya fito, ka ɗauki sikirinshot, ka yanke har sai motar kaɗai ta rage. Sai ka buɗe Google Lens ka ɗora hoton. A wasu wayoyin Android masu Circle to Search, zagaye motar da yatsa ma ya wadatar.

Amsar Lens hasashe ce kawai. Da hoto ya yi dishi-dishi sai ya kawo maka motar da ba ta taɓa taka ƙasar Hausa ba. Don haka aikin ido ya rage maka, kuma fitilun gaba ne suka fi tona asiri.

Ɗauki Fijo. Peugeot 404 ta fito a 1960, fitilunta zagayayyu ne, bayanta da tsini biyu kamar fiffike. Ita kuwa 504, wadda iyayenmu suka sani a tasha da kuma a matsayin a-kori-kura ranar kasuwa, sai a 1968 ta fito a Faransa. Fitilunta masu faɗi ne da kusurwa, murfin but ɗinta ya ɗan karye ƙasa. Kamfanin harhaɗa Fijo na Kaduna ya fara aiki a 1975, daga nan ta cika titunanmu. An kashe Sardauna ranar 15 ga Janairu, 1966. Kenan duk bidiyon da 504 ta leƙo a ciki, ko da a gefen hanya take a ajiye, ba na zamaninsa ba ne. Amma a kula: ganin 404 ba hujja ba ce cewa bidiyon na da ne sosai, domin an daɗe ana ƙera ta bayan ƙanwarta ta fito.

Landiroba ma haka take. A tsofaffin, fitilu biyun suna tsakiya kusa da juna, a jikin ragar gaba. Wajen 1968 zuwa 1969 aka mayar da su gefe-gefe.

Alamar da na fi so ita ce hannun tuƙi. Har zuwa 2 ga Afrilu, 1972, a hannun hagu ake tuƙi a Nijeriya kamar Ingila, sitiyari kuma yana dama. In ka ga motoci na bin hannun dama a titin Sakkwato, to bayan wannan rana ne. Sai dai masu ɗora bidiyo a TikTok da Facebook kan juya hoto kamar madubi, hagu ta koma dama. Nemi rubutu a jikin allo ko lambar mota. In haruffan a juye suke, an juya shi. Launi ma kar ya ruɗe ka: manhajojin ƙirƙirarriyar basira na shafa wa tsohon fim kala, kuma fenti irin wanda suka ga dama suke sa wa mota.

Idan motar a fim ɗin Indiya ko na Amurka ka gan ta, shafin IMCDb ya tara hotunan motocin finafinai da sunayensu. Sunan fim ɗin kawai za ka rubuta. Namu na gida ba su cika samuwa a can ba. A nan sai ka ɗauki wayarka ka nufi tasha ko garejin bakanike, ka miƙa wa tsohon direba ka ce, "Baba, wace mota ce wannan?" Sau da yawa kafin Lens ya gama juyi, ya faɗa maka sunanta har da irin ƙarar injinta.