Ilmi Tilas Ne, Amma Sannu Ba Ta Hana Zuwa

A shekarar 1976 Gwamnatin Tarayya ta buɗe shirin ilmin firamare kyauta ga kowa. A 2004 kuma aka kafa doka wadda ta wajabta wa kowane yaro karatun shekara 9: shida a firamare, uku a ƙaramar sakandare. Uban da ya ƙi kai ɗansa, da fari za a yi masa gargaɗi. In ya sake, tarar Naira 2,000 ko ɗaurin wata ɗaya, ko duka biyu.

To, amma akwai yaran da ba ƙiwuya ke hana su zuwa ba. A Azare da ƙauyukan ƙasar Katagum, kamar ko'ina, akan sami yaro wanda da ya ga ƙofar makaranta sai ya toshe kunne, ya fashe da kuka. Wani ba ya haɗa ido da mutane, wani maganarsa ta yi jinkiri, wani kuwa in aka sauya masa abin da ya saba sai hankalinsa ya tashi. Waɗannan suna daga cikin alamun larurar da likitoci ke kira otizim, wasu kuma su ce galahanga. Ba shafar aljanu ba ce, ba kuma rashin tarbiyya ba. Bambanci ne a ginin ƙwaƙwalwa. Ƙarar ƙararrawa da hayaniyar aji, waɗanda sauran yara ba su damu da su ba, shi azaba ce a gare shi. Bulala ba ta ƙara masa komai sai tsoro.

Saboda haka tilas ɗin da doka ta faɗa, a wuyan manya yake. Ga abin da ya kamata a yi:

1. Iyaye su kai yaron asibiti a duba shi, har da jinsa. Mutanen Katagum suna da babban asibitin Gwamnatin Tarayya a Azare.

2. Su gana da hedimasta, su bayyana masa abin da ke firgita yaron da abin da ke kwantar masa da hankali.

3. A fara da awa ɗaya a rana, a riƙa ƙarawa kaɗan kaɗan.

4. Malami ya ba shi wurin zama guda, nesa da hayaniya, ya yi masa magana gajeriya, ya nuna masa ayyukan yini da hotuna.

5. A hana 'yan aji tsokanarsa.

Dokar hana wariya ga masu buƙata ta musamman, wadda aka sa wa hannu a Janairun 2019, ta tabbatar musu da haƙƙin ilmi. Ɓoye irin wannan yaro a ɗaki don kunya tauye masa haƙƙi ne. Wanda ya shiga aji na awa ɗaya yau, ya fi wanda aka kulle a gida.