Tare Hanya: Daga Dara Zuwa Karta, Har Ga Jangwada

Ɗalibin da ya taɓa tsayawa kan 'yan dara a gindin bishiya a Kafin Hausa, ya san cewa tun a wajen zuba 'ya'ya ake cin wasan. Gurabu 30 ne, kowa na da 'ya'ya 12, watau in an gama zubi gurabu 6 kaɗai ke saura. Gwani ba ya zuba ɗansa inda zai yi jeri kawai, yakan cusa shi a gurbin da abokin karawa ke hari.

Akwai wata karta da ake kira birij, wadda Ba'amurke Harold Vanderbilt ya tsara yadda ake ƙirga makinta a 1925. Mutum 4 ke yin ta, biyu-biyu, kowa da kati 13. Kafin a fara jefa kati sai an yi tayi, kamar a gwanjo. Matakan tayin 35 ne, kuma dole kowane tayi ya ɗara na baya. Da waɗannan matakai ne abokan wasa ke sanar da juna ƙarfin hannunsu, domin ba a yarda su yi wata magana ko inkiya ba.

To, a nan mai tsaro ke shigowa. Alal misali, an buɗe tayi a mataki na 1, sai shi ya tsallaka zuwa na 14. Ya raba abokan hamayya da matakai 13 ke nan, sai su koma lalube. Yana sane zai iya faɗuwa. Lissafinsa shi ne, gara ya yi asarar maki 300 da ya bar su su kwashe 620. Amma in ya zarce kima aka ci shi 800, dara ta ci gida.

Me ya kai malamin halittu ga karta? A 1973 John Maynard Smith da George Price suka yi amfani da lissafin wasanni wajen bayyana dalilin da ya sa dabbobi suka fi yin barazana a kan faɗa na gaske. Ku dubi jangwada a kan katanga yana gyaɗa kai yana ɗaga ƙirji. Tayi yake yi. Rauni na da tsada, barazana kuwa araha ce, sai fa ran da abokin hamayya ya ƙi ja da baya.

Ina ba malamai shawara su sa ɗalibai su zauna awa guda kusa da katangar makaranta, su ƙirga sau nawa jangwada biyu suka yi barazana, sau nawa kuma ta kai su ga bugun juna da wutsiya.