Darasin Lafiya: Tarin da Ƙura Ke Kawowa

Darasinmu na wannan Juma'a a kan wani ciwon huhu ne da ake yawan ɗauka a matsayin maleriya ko tarin tibi, alhali kuwa fumfuna ce ke kawo shi. Fumfuna dai kun san ta, ita ce ke fitowa a jikin burodi ko masarar da ta sha danshi. Akwai danginta da ido ba ya gani, suna zaune a cikin ƙasa, mutum ya shaƙe su tare da ƙura su sauka a huhu.

Kowace irin tana da yankinta. A Amurka akwai wadda ke cikin busasshiyar ƙasar Arizona da Kalifoniya. Wadda ta shafe mu kuwa likitoci na kiranta histofilasma. Ta yi suna a kwarin kogunan Ohayo da Misisifi, kuma akwai ta a Afirka ta Yamma da ta Tsakiya. Masu bincike sun taɓa gano irinta ta Afirka a ƙasar kogon Ogbunike da ke jihar Anambra, inda jemagu ke kwana. A shekarar 2022 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa ta cikin jerin fumfuna 19 masu barazana ga lafiyar jama'a.

A ina ake ɗaukar ta?

Tana son ƙasa mai danshi wadda kashin jemage, na kaji ko na tattabaru ya daɗe yana taruwa a kai. To ka ga, sana'o'inmu da dama nan suke. Mai lodin takin kashin kaji daga gonakin Kudu zuwa Arewa, mai share tsohon akurki, mai gyaran silin ɗin da jemagu suka mayar gida, mai rushe tsohon gini, mai buɗe siton da ya daɗe a kulle, duk a bakin haɗarin suke. Da zarar an tayar da busasshiyar ƙurar, an shaƙa. Amma a kwantar da hankali: ba a ɗaukar ciwon daga mutum zuwa mutum. Mai shi zai ci abinci da iyalinsa, ya yi sahu da jama'a.

Alamomin farko

Yawancin waɗanda suka shaƙa ba sa ma jin komai. Wanda zai ji, alamun kan fito tsakanin kwana 3 zuwa 17: zazzaɓi, busasshen tari, ciwon ƙirji, ciwon kai, ciwon jiki da kasala. A nan ake yin kuskure. Mutum ya dawo daga lodi ya ce ai gajiya ce, ya je kemis a haɗa masa na maleriya, sannan a bi da kafso. Kafso ba ya kashe fumfuna, maganin tibi ma haka.

Mai ƙarfin jiki sau da yawa yakan warke da kansa cikin 'yan makonni. Wanda garkuwar jikinsa ta yi rauni kuwa, kamar mai cutar ƙanjamau, mai jinyar daji, jariri, tsoho, ko mai shan deksa kullum don ƙiba ko ciwon gaɓoɓi, ciwon na iya barin huhu ya bazu a jiki. Sai rama, gyambo a baki, ƙuraje a fata, hanta da saifa su kumbura. Idan ya kai nan ba magani, yana kisa.

Me za a yi?

Na ɗaya, tarin da ya kai mako 2 a je asibiti a yi gwajin tibi, kyauta ne a cibiyoyin gwamnati.

Na biyu, kuma shi ne jigon darasin: ka faɗa wa likita inda ka je da irin ƙurar da ka shaƙa. Ka ce, "Likita, kwana goma da suka wuce na yi lodin kashin kaji," ko "na share silin mai jemagu." Hoton ƙirji kaɗai ba ya raba wannan ciwo da tibi. Wannan bayanin naka ne zai sa ya nemi gwajin fitsari ko na jini a babban asibiti.

Na uku, in gwajin tibi bai nuna komai ba, ko ana shan maganin ba sauƙi, a koma wurin likita. Kada a ce sammu ne a zauna gida. Akwai magani, ana ce masa itirakonazol. A matakin farko akan sha shi mako 6 zuwa 12, in ciwon ya bazu kuwa sai shekara guda. Likita ne ke rubuta shi, don yana karo da wasu magunguna.

Na huɗu, rigakafi. A yayyafa ruwa kafin shara ko kwasar taki. A sa takunkumin N95, domin naɗa rawani a hanci ba ya tare wannan ƙura. A nisantar da yara, mai raunin jiki kuma a ɗauke masa wannan aikin. Iyayen gida, ku saya wa yaranku masu lodi takunkumi, kuɗinsa bai kai na gadon asibiti ba.

A kai wannan takarda gida a karanta wa iyali. Allah Ya ba marasa lafiyarmu lafiya, Ya sa albarka a nemanmu. Amin.