Kula da Bakin Gulbi da Filayen Wasa a Yammacin Zamfara

Gabatarwa

A manyan birane, hukuma kan keɓe fili ta kewaye shi, ta dasa itatuwa, ta mayar da shi wurin shaƙatawa, kamar yadda aka yi a Gidan Zu na Audu Bako da ke Kano. A ƙasashen Anka da Bukkuyum da Gummi kuwa, inda Gulbin Zamfara ya ratsa kafin ya shiga Jihar Kebbi, bakin gulbi da kududdufai da dandali su ne suke cike wannan gurbi. Wannan darasi zai duba yadda ake kula da waɗannan wurare, da kuma abin da kan biyo baya idan an yi musu riƙon sakainar kashi.

Bakin Gulbi da Masu Amfani da Shi

Da rani, idan ruwa ya janye, yara kan yi kokawa da langa a kan rairayi, mata su yi wanki, makiyaya su shayar da dabbobi, masu lambu kuma su ja ruwa zuwa fadama. Sai dai wurin ba na ɗan'adam ba ne shi kaɗai. Itatuwa irin su giyayya da kanya da ɓaure, da ciyayi irin su jema, su ne suke riƙe gaɓar gulbi da saiwoyinsu. A cikin ciyawar da ruwa kan shafe da damina ne tarwaɗa da ƙarfasa suke hayayyafa, nan ne kuma zalɓe da balbela suke kiwo. Idan aka sare itatuwan don itacen girki, aka nome gaɓa har bakin ruwa, aka kuma kwashe yashi ba bisa ƙa'ida ba, gaɓa takan zabtare, ƙasar da ta zube ta cike cikin gulbi. Gulbin da ya cike kuwa ba ya iya ɗaukar ruwan damina. Ambaliyar da ta rusa gidaje masu yawa a garin Gummi a watan Agusta na 2024 ta nuna irin kusancin da ke tsakanin gulbi da ɗakin kwanan mutane, ko da yake ruwan sama mai yawa ne babban sanadinta.

Wa ke da Alhakin Kulawa?

A tsarin gargajiya, Sarkin Ruwa shi ne mai faɗa a ji a kan gulbi. Shi ke ba da izinin su, shi ke hana shiga gurbin da ake kiwon kifinsa. Misali mafi shahara shi ne Matan Fada a Argungu, inda ake hana kamun kifi sai lokacin bikin su, wanda ya samo sigarsa ta yanzu a 1934. Hikimar da ke ciki ita ce, wasan da jama'a ke taruwa dominsa ya dogara ne a kan hutun da aka bai wa ruwan.

A tsarin zamani, Kundin Tsarin Mulki na 1999 ya ɗora wa ƙananan hukumomi aikin ginawa da kula da lambuna da wuraren shaƙatawa da filayen jama'a. Hukumar kare muhalli ta tarayya, NESREA, wadda aka kafa a 2007, tana da ƙa'idojin da aka fitar a 2009 a kan fadamu da gaɓar koguna da tafkuna. Doka dai ba ta yi ƙaranci ba. Abin da ya yi ƙaranci shi ne mai tsayawa a bakin gulbi ya ce a bari, domin ikon masu sarauta ya ragu, ma'aikacin hukuma kuma ba kullum yake isa wurin ba.

Darasin Gubar Dalma

A shekarar 2010 aka gano cewa yara suna mutuwa da yawa a ƙauyukan Dareta da Abare da Sunke a ƙasar Anka, da 'Yargalma da Tungar Guru a ƙasar Bukkuyum. Masu haƙar zinari suna kawo duwatsu cikin gari, a niƙa su a tsakar gida, a wanke garin a bakin kududdufai. Duwatsun suna ɗauke da dalma mai yawa. Ƙurar ta sauka a daidai inda yara suke rarrafe da wasan ƙasa, su kuma ƙananan yara ba sa rabuwa da kai hannu baki. An ƙiyasta cewa yara fiye da 400 suka rasu.

Abin lura a nan shi ne, magani kaɗai bai wadatar ba. Ƙungiyar likitoci ta MSF ta bayyana cewa ba amfani a yi wa yaro magani ya koma wasa a ƙasar da ta sa masa cutar, domin dalma ba ta ruɓewa. Saboda haka sai da aka kankare saman ƙasar gidaje da filaye, aka binne ta a ramuka na musamman, aka zuba sabuwa, aka kuma yashe wasu kududdufai. An yi wannan aiki a ƙauyuka bakwai tsakanin 2010 da 2011, amma garin Bagega bai samu nasa ba sai a 2013, saboda jinkirin sakin kuɗi. A tsawon wannan jira, yaran garin sun ci gaba da wasa a kan ƙasa mai guba.

Jinga

Ɗalibi ya ziyarci bakin gulbi ko kududdufin da yara suke wasa a garinsu, ya rubuta sunayen itatuwa da tsuntsayen da ya gani da Hausar yankin, sannan ya tambayi dattawa wanda yake da ikon hani a wurin a da, da wanda yake da shi a yau.