Darasin Lafiya: Gyaran Makewayi da Salanga Kafin Baƙo ya Sauka

 Darasinmu na wannan fitowa ya shafi saukar baƙi. Za mu yi magana a kan wurin da ake jin nauyin ambato, wato makewayi da salanga. Ku karanta a hankali, ku kuma karanta ma waɗanda ba su shiga yaƙi da jahilci ba tukuna.

1. Baƙi ba su yankewa

Maijirgi gari ne na kan hanya. Babbar hanyar kwalta da ta taso daga Maraɗi, ta ratsa Tasawa, ta nufi Damagaram, ta nan ta bi. Saboda haka baƙi ba su yankewa. Akwai dangi masu zuwa biki ko suna ko gaisuwar mutuwa. Akwai ƴan ci-rani masu komowa gida da salla tare da abokansu. Akwai ɗiyan birni da ake aikowa ƙauye lokacin hutun lakkol. Akwai kuma masu biyan kuɗin ɗaki: malamin lakkol da aka turo, ma'aikacin likita, ko ɗan kasuwa mai sayen gero da wake lokacin kaka. Haka abin yake a garuruwan gundumar Tasawa da ta Mayahi.

Mun iya tarbar baƙo. Ana share ɗaki, a shimfiɗa tabarma, a dama fura, a yanka kaza in da hali. Amma sau da yawa ana mance bayan gida. Baƙo kuwa zai iya roƙon ruwan sha ba da jin kunya ba. Zai iya cewa a ƙara masa miya. Abin da ba ya iya tambaya shi ne inda zai kama ruwa. Mace baƙuwa takan daure har dare ya yi, ta fita daji cikin duhu, inda maciji da kunama da mugun mutum suke. Hausawa sun ce baƙo makaho ne ko da yana da ido. Aikin mai masauki ne ya gyara wurin, ya kuma nuna masa tun bai tambaya ba.

2. Abin da ke tafiya tare da baƙo

Gyaran nan ba don fita kunya kaɗai ake yin sa ba. Cututtuka da yawa suna cikin kashin mutum: zawo, atuni, amai da zawo da ake kira kwalara, zazzaɓin taifot, shan inna da tsutsar ciki. Ƙwayoyinsu ba su ganuwa da ido. Suna isa bakin mutum ta hanyar hannu, da ƙuda, da ruwa, da abinci, da ƙasar da yara ke wasa a kai.

Mutum yana iya ɗauke da ƙwayar kwalara alhali yana jin kansa garau. Baƙo yana iya kawo ta gidanka bai sani ba. Yana kuma iya ɗaukar ta a gidanka ya kai garinsu.

Jaharmu ta ga wannan masifa. A 2018 kwalara ta ɓulla a gundumar Madarumfa, ta kama mutum fiye da 3,000 a ƙasa. A 2021 ta sake dawowa, ta kama fiye da mutum 5,000 a Nijar, fiye da 150 suka rasu, kuma jahar Maraɗi tana cikin inda abin ya fi tsanani. Cutar tana bin matafiya, tana bin taro, tana bin ruwan damina.

Akwai kuma ciwon ido na amodari, wanda ke makantarwa. Ƙudan da ke sauka a idon yara a kan kashin da aka bari a fili yake hayayyafa. In kashi ya shiga rami aka rufe, ƙudan nan sai ya ragu.

3. Duba salanga

Kwana 2 ko 3 kafin baƙi su iso, maigida ya shiga salanga da rana, ya duba abu 5.

Na 1, bakin rami. Ƙasarmu jigawa ce, rairayi ne. Da damina rami yakan zabtare. In ka ga tsagewa a daɓe, ko itacen da aka gitta ya ci gara, a gyara nan da nan. Daɓen siminti ya fi na laka, don yana wankuwa. Mai gina sabon rami ya yi shi kewayayye kamar rijiya, ya ɗaure bakinsa da tubali.

Na 2, cikar rami. In abin da ya rage bai wuce rabin mita ba, wato kamar kamu 1, ramin ya cika. A binne shi da ƙasa, a gina wani.

Na 3, murfi. A sami katako ko faifan ƙarfe mai mariƙi, wanda zai rufe bakin ruf. Salanga marar murfi gidan ƙuda ce da kyankyaso.

Na 4, sutura. Katanga ko zana ta wuce tsawon mutum. A toshe ɓula. A sa ƙyaure mai sakata, ko a rataya asabari. In gidan babba ne, a ware wurin mata dabam.

Na 5, nisa da ruwan sha. Tsakanin salanga da rijiya kada ya kasa mita 30, kamar taki 40 na babban mutum. A gina ta ta gangare, ba ta tudun rijiya ba. Mutanen da ke zaune kusa da fadama, kamar na bakin Gulbin Kaba a ƙasar Mayahi, su lura sosai: kada gindin rami ya kusanci ruwan ƙasa. A bar aƙalla mita 1 da rabi tsakaninsu.

Bayan haka a share, a wanke daɓe da ruwa da sabuni. A ajiye tukunyar toka a gefe. Duk wanda ya gama ya barbaɗa tafi 1 cikin ramin. Toka tana rage wari, tana korar ƙuda, kuma ba a sayen ta.

4. Buta da takarda

Mu da ruwa muke tsarki, kuma ruwa ya fi komi tsarkakewa. A ajiye buta ta salanga ita kaɗai. Kada ta zama ita ce ake shan ruwa da ita, kada kuma a tsoma ta cikin randa. A zuba mata ruwa da moɗa. A riƙa wanke mariƙinta da sabuni, don kowane hannu yana taɓa shi. Baƙo ya samu tasa buta cike, ba sai ya nema ba.

Wasu baƙin sun saba da takardar goge jiki, wadda ake sayarwa a naɗe a kantunan birni. Cikinsu akwai ma'aikatan da ke zuwa daga nesa, da masu zuwa ganin kaburburan hafsoshin Faransa nan biyu da aka kashe a 1899. Mai ba da hayar ɗaki yana iya aje naɗi 1 saboda irinsu. A sa shi cikin gwangwani mai murfi, a rataya a bango, don kada gara ko raɓa ko akuya su ɓata shi.

Ga ka'idar takarda. Wannan takarda mai laushi tana ruɓewa, ana iya jefa ta cikin rami. Amma in salangar irin mai bututu ce da ake kora wa ruwa, takarda mai yawa tana toshe ta. A nan sai a aje bokiti mai murfi, a ƙone abin da ke ciki kullum, nesa da madafa. Kada a bar takardar da aka yi aiki da ita a fili, iska ta kwashe ta zuwa tsakar gida.

Kada a jefa leda, ko tsumma, ko dutse, ko totuwar masara, ko ƙunzugun roba na jarirai cikin rami. Ba su ruɓewa, suna cika rami da wuri. Takarda mai rubutu kuma ba ta dace da wannan wuri ba, don tana iya ɗauke da sunan Allah. Littafin yara da wannan jarida taku na karatu ne.

5. Wanke hannu

Ko da ruwa aka yi tsarki ko da takarda, aiki bai ƙare ba sai an wanke hannu da sabuni. Ruwa tsura ba ya fid da ƙwayar cuta duka. In babu sabuni, a cuɗa da toka mai tsabta a ɗauraye.

Ga dabara mai sauƙi. A sami ƙaramar jarka mai lita 5. A huda ta kusa da baki da ƙusa mai zafi. A kafa itace 2 masu gwafa a ƙofar salanga, a gitta sanda, a rataya jarkar. A ɗaura igiya daga wuyanta zuwa wani itace da ke ƙasa. In an taka itacen, jarka ta karkata, ruwa ya zubo kaɗan-kaɗan. Hannu bai taɓa ta ba, ruwa bai ɓaci ba. A huda sabuni a rataya shi da zare kusa da ita.

Lokacin cin abinci kuma, a daina tsoma hannu duka cikin ƙwarya guda. Wanda ya zo ƙarshe da dauɗar kowa yake wanka. Yaro ya riƙe buta ya zuba ma kowa, ruwan ya zuba cikin tasa.

6. Wurin wanka

A daɓe wurin wanka, ko a jera duwatsu masu faɗi, don kada baƙo ya tsaya cikin caɓi. A kankare gansakuka, saboda santsi yana kada tsofaffi da mata masu ciki. A kafa ƙusa ko a ɗaura igiya ta rataya tufafi. A ba baƙo bokiti wankakke, da sabuni, da sabon soso. Soso, da tawul, da reza, ba a tarayya a kansu, don suna ɗaukar ƙazuwa da makero da ciwon ido, reza kuma tana ɗaukar cututtukan jini. Da hunturu a ɗumama ma tsoho ruwa.

Ku leƙa bayan katanga, inda rariya ke zubarwa. Ruwan da ya kwanta nan yana tara sauro, yana jiƙa gindin gini, yana kuma haddasa faɗa da maƙwabta. A gina rami mai zurfin mita 1, a cika shi da duwatsu da fasassun tubali, a rufe. Ruwa zai nutse ƙasa.

Da dare a ba baƙo fitila, a ce masa ya haska kafin ya taka.

7. Lissafin ruwa

Mutum 1 yana bukatar kamar lita 20 a yini, don sha da girki da wanka da tsarki. In baƙi 4 za su yi kwana 3, ga lissafi: 4 sau 20 ya ba da 80. 80 sau 3 ya ba da 240. Lita 240 jarka 12 ke nan mai lita 20. Wannan ƙari ne a kan ruwan gida. Kada a bar ma mata da ƴan mata wannan nauyi su kaɗai. Maigida ya ba da amalanke, samari su ɗebo tun da wuri. Ruwan sha a randa mai murfi, dabam da na wanka.

8. Yadda ake nuna wa baƙo

Bayan gaisuwa da ruwan sha, namiji ya nuna wa namiji, mace ta nuna wa mace. Maigida yana iya cewa: "Malam, ga makewayi can bayan rumbu. Ga butarka, ga sabuni. Gida naka ne." Uwargida ta ce: "Yaya, taso in nuna miki wuri, ko da za ki bukata da dare." Magana ce gajera, amma tana sauke wa baƙo nauyi babba.

In baƙuwa tana da goyo, a ba ta fo. Kashin jariri ma yana da cuta kamar na babba. A zuba shi cikin salanga, a wanke fo, a wanke hannu.

9. In baƙo ya kamu da zawo

A ba shi ruwan gishiri da sukari nan take. In akwai ƙunshin da ake samu a likita, a dama 1 cikin lita 1 ta ruwa mai tsabta. In babu, a sa ƙaramin cokali 6 na sukari, shafaffe, da rabin ƙaramin cokali na gishiri cikin lita 1. Ya yi ta kurɓa. In zawon ya zama fari kamar ruwan shinkafa, ko yana amai ba tsayawa, ko ido ya faɗa, a kai shi likita ba tare da jiran safiya ba. Kwalara tana kisa cikin awoyi kaɗan. A tambayi ma'aikacin lafiya yadda ake auna ruwan jabel don wanke wurin.

10. Rabon manomi

Ramin da ya cika aka binne ba asara ba ne. A rufe shi da ƙasa mai kauri, a dasa itace a kai in damina ta faɗi, kamar bedi ko zogale ko mangwaro. A kewaye shi da ƙaya saboda awaki. Mai son kwashe takin ya kai gona ya jira shekara 2, sai ƙwan tsutsar ciki ya mutu. Ɗanyen kashi ba ya shiga gonar lambu.

Majalisar Ɗinkin Duniya ta tsai da 19 ga watan Nuwamba ta zama ranar salanga ta duniya tun 2013. Mu kuwa kada mu jira wannan rana, kada mu jira baƙo. Abin da muka gyara domin baƙon kwana 3, iyalinmu ne za su ci moriyarsa shekara duka.

Tambayoyi don tattaunawa a aji

1. Don me baƙo ba ya tambayar makewayi?
2. Mita nawa ya kamata a bari tsakanin salanga da rijiya?
3. Faɗi abu 3 da ba a jefawa cikin rami.
4. Baƙi 5 za su yi kwana 2. Jarka nawa mai lita 20 za a tanada?
5. A unguwarku gida nawa ne ba su da salanga? Me za ku yi a kai kafin damina?

Allah ya ba mu lafiya da zama lafiya, ya sa mu sallami baƙinmu lafiya. Amin.