Kafin Ka Sayar da Babur Ɗinka

Ɗana, mahaifiyarka ta zo jiya bayan la'asar, ta ce kana shirin sayar da babur ɗinka ka sayi injin nan na neman ƙarfe a ƙarƙashin ƙasa. So ta yi in hana ka. Ban yi mata alkawari ba, domin ka wuce a riƙe maka hannu, kuma neman halal ba abin kunya ba ne. Amma ta faɗi wata magana da ta tsaya mini a rai: wai mai sayarwa ya rantse maka injinsa yana gano tsabar kuɗi a zurfin mita biyar. Ni da na tsufa a kan teburin gyaran rediyo, tsakanin waya da maganaɗisu, ba zan ji wannan in yi shiru ba. Ba ni aron hankalinka.

Wannan faifan da ke ƙasan sandar, naɗin waya biyu ne a cikinsa. Lantarkin batir yana kai-komo a naɗi na farko, yana haifar da ƙarfin maganaɗisu mai ratsa ƙasa. In ya tarar da ƙarfe sai ya tayar da ɗan lantarki a jikinsa, ƙarfen ya mayar da amsa, naɗi na biyu ya ji, injin ya yi kuka. Ba gani yake yi ba, saurare yake yi. Kuma tafiyar biyu ce, zuwa da dawowa, kowacce tana cin ƙarfi. Ga ƙaramin abu kamar kwabo, da zarar ya ɗan yi nisa da faifan, in ka ninka nisan sau biyu amsar takan ragu kusan sau 64. Shi ya sa manyan kamfanoni irin su Garrett na Amurka da Minelab na Ostareliya suka daɗe suna gasa, amma a kan 'yan santimita suke kokawa, ba a kan mitoci ba.

To ina iyakarsa? Injin da masu yin abin don sha'awa ke riƙewa yakan ji kwabo guda a zurfin santimita 15 zuwa 25. In ƙasar mai kyau ce, injin nagari ne, mai riƙe da shi kuma ya ƙware, a kai santimita 30, wato ƙafa ɗaya, ko a ɗan haura. Masu sana'ar suna da awon da suke yi da ido: zurfin da za ka ji kwabo bai cika wuce faɗin faifanka ba. Ka ce to a sa babban faifai mana. Ana sawa, yana ƙara zurfi ga manyan abubuwa, sai dai yana tsallake ƙanana, ga nauyi da ke kashe kafaɗa kafin azahar. Kwanciyar kwabon ma da magana: wanda ya kwanta a shimfiɗe ya fi wanda ya tsaya a gefensa jiyuwa nesa ba kusa ba.

Sannan ga ƙasarmu. Jar ƙasa da marmara cike suke da tama, ita kanta ƙasar amsa take bayarwa, sai injin ya zama kamar mai sauraren raɗa a tsakiyar kasuwa. Akwai maɓallin daidaita injin da ƙasa, yana taimakawa, amma zurfin da aka rubuta a kwali sau da yawa ba a irin ƙasarmu aka auna shi ba. Wani ma a iska aka auna, ba ƙasa sam. Ka lura, mai sayarwa zai kaɗa maka kwabo a gaban faifan a cikin shago, injin ya yi ta ihu. Wannan wasa ne.

Kuma injin ba shi da sani ba shi da sabo. Ƙusa, murfin kwalba, guntun gwangwani, duk kuka zai yi musu, kuma su za ka fi haƙowa. Tun farkon abin haka yake. A 1881, da aka harbi shugaban Amurka James Garfield, Alexander Graham Bell, mutumin da ake danganta wayar tarho da shi, ya kawo wata na'ura don a gano inda harsashin ya maƙale. Ba a gano ba, kuma cikin abubuwan da aka ɗora wa laifi har da wayoyin ƙarfen da ke cikin gadon da shugaban ke kwance a kai.

Na san labaran da suka ɗauke maka hankali, na Ingila ne, kuma gaskiya ne. A 2010 wani mai suna Dave Crisp ya ci karo da tulu a gona kusa da garin Frome, da tsabar kuɗin Rumawa 52,503 a ciki. Amma ka tambayi zurfinsa: kimanin santimita 35 kacal, alhali tarin ƙarfe ne mai nauyin kilo 160. Zinariyar Staffordshire da Terry Herbert ya samu a 2009, a cikin ƙasar da garma ke juyawa take. Eric Lawes kuwa, a 1992 a Hoxne, gudumar abokinsa da ta ɓace yake nema, sai ya faɗa kan kuɗin Rumawa sama da 14,000. Abin da ya fi burge ni da shi, da ya ga abin ya fi ƙarfinsa sai ya dakata da haƙa, aka sanar da hukuma, masana suka zo suka tono a tsanake. An ba da ladar fam miliyan 1.75, suka raba da abokin nasa. Wasu biyu da suka ɓoye abin da suka samu a Herefordshire a 2015, gidan yari suka ƙare. Dokar Ingila ta 1996 ta ba mai tsintuwa kwana 14 ya kai rahoto.

Ka kuma tuna dalilin da ya sa gonakinsu ke haifar da kuɗi: sun shafe kusan shekaru dubu biyu suna ciniki da tsabar ƙarfe, suna yarwa, suna binnewa. Mu fa? Kakanninmu da wuri suka yi ciniki, wuri kuwa ko buhu goma aka binne injin ba zai ce uffan ba. Dukiyarsu tana cikin shanu da tufafi da gishiri. Akwai liyari na azurfa mai ɗauke da shekarar 1780 da ya zagaya hannun fatake, akwai anini da ɗari da kwabo mai huji na zamanin Turawa, da sisi da sule har zuwa 1973 da naira ta shigo. Za ka iya samun su a tsohuwar kasuwa, kuma da daɗi a riƙe su a hannu. Amma anini ba ya sayen babur.

Kada ka kawo mini zancen Jado. Zinariyar da ta ja matasa zuwa arewacin Nijar a 2014 ɗanya ce, a kusa da saman ƙasa, kuma injinan da aka fi nema da su masu tsada ne, wani iri dabam. Su ma ƙaramin gutsure ba sa jin sa daga nesa. Injin da na fi jiye maka tsoronsa shi ne mai 'yar eriya da ke juyawa, wai tana nuna zinariya daga nisan kilomita. Ɗan'uwan irinsa ne wani ɗan Ingila, James McCormick, ya sayar wa Iraƙi a matsayin na'urar gano bam, kotu ta ɗaure shi shekara goma a 2013 bayan an tabbatar ba abin da take ganowa.

In duk da haka ranka na so, ga sharaɗina. Kada ka taka gonar mutum sai da izininsa, kuma ku yi maganar rabo tun kafin ka kunna injin. Maƙabarta ba wurin haƙa ba ce, kufai da ganuwa kuma na tarihi ne, akwai hukumar gidajen tarihi da ke da hakki a kansu. Ramin da ka tona ka cike shi, kada akuyar wani ta karye. Ka kuma je wurin malam ya bambance maka hukuncin tsintuwa, wadda ake cigiyarta shekara, da na rikazi, wanda ake fitar da humusi a cikinsa.

Babur dai ka bar shi tukuna. Ranar Asabar ka ce wa mai injin ya zo da kayansa bayan gidana. Ina da kwabo mai huji guda uku a cikin tsohuwar akwatina. Zan binne ɗaya a santimita 15, ɗaya a 30, ɗaya a rabin mita, ba tare da ya ga wuraren ba, in daddaɓe ƙasar. Ka zo da fartanya da tef ɗin awo. In ya ce ba shi da lokaci, kai ka zo, mu sha shayi.